Ranar da Na Kushe Alewar Wata Tsohuwa a Jojiya

Sana'ata turare. Da tire a ka na fara, a tashar motar Funtuwa, ina bin tagogin bas da 'yan kwalabe, har Allah ya kai ni Kano, daga Kano ya kawo ni Doha. Yanzu ina da shago a Souq Waqif, ni da kafil ɗina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini. Muna sayar da itacen ud da miski da humra, ina kuma aika kaya gida.

Akwai ɗabi'a ɗaya da sana'ar nan ta dasa mini, kuma sai na faɗe ta kafin labarin ya zauna. Ba na yabon abin da nake so. In mai kaya ya kwance jakarsa na ga itacen da ya kwanta mini a rai, nan take fuskata take ɗaurewa. Sai in ɗauka in juya, in shinshina, in taɓe baki in ce ya sha danshi, ko an yi masa rini. Daga nan ake fara ciniki. Kayan da ba na so kuwa, shi nake zuba wa masha Allah, in yi wa mai shi addu'ar kasuwa, in raka shi bakin ƙofa. Dabarar ba ta taɓa ba ni kunya a kasuwa ba. Abin da ban lura ba shi ne, kullum da ita nake komawa gida.

Shekararmu ashirin da bakwai da aure ni da Hajiya. Malamar firamare ce a da, ta ajiye aikin ta biyo ni. 'Ya'yanmu uku duk sun tashi, mata biyu suna gidajensu a Kaduna, namijin yana karatu a Zariya. Shekarar korona cutar ta kama ni, aka killace ni a Umm Salal mako uku, ita kuma tana gidanmu a Al Aziziya ita kaɗai, ba mai shiga ba mai fita. Na warke na dawo, kasuwa ta buɗe, na koma harkata kamar ba a yi komai ba. Ita ce ba ta koma yadda take ba. Ta rage magana. Ta daina tambayata yaya kasuwa. Ni kuma na ɗauka girma ne ya zo.

Wata Juma'a, saura 'yan makonni a fara gasar cin kofin duniya, mun gama cin abincin rana tana kwashe kwanuka, sai ta ce:

"Alhaji, in an gama ƙwallon nan zan koma gida."

Na ce, "To. Kwana nawa za ki yi?"

"Ba ziyara nake nufi ba. Zan zauna kusa da yaran nan a Kaduna."

Na tambaye ta ko na yi mata wani laifi. Ta ce a'a, ban rage ta da ci ba, ban rage ta da sutura ba, ba ta da abin da za ta kai ƙara wurin kowa. "Na dai gaji da zama kamar kujerar falo ne. Ana buƙatarta, amma ba wanda ya taɓa ce mata sannu."

Ni ɗan kasuwa ne. In mai ciniki ya juya zai fita, na san sai ka fito da abin da ka ɓoye a ƙarƙashin kanta. Washegari na je ofishin masu shirya tafiye-tafiye, na ce a nuna mini mafi tsadar abin da suke da shi wanda ba shi da nisa. Suka nuna mini Jojiya: awa uku a jirgi, kwana goma, mota da direba namu na kanmu, tsofaffin birane, gidajen 'yan zuhudun Kirista a kan duwatsu, gonakin inabi. Na ce musu mu Musulmi ne, ba giya ba naman alade, su rubuta da manyan baƙi. Kuma na zaɓi ranakun tsakiyar gasar da gangan, don ta ga abin da na bari dominta.

Abokin aikina a shago, dattijo ɗan Zangon Kumasi, ya cire tabarau ya kalle ni.

"Alhaji, lafiyarka kuwa? Duniya duka ta taso za ta wuce ta ƙofar shagonka, kai kuma kana neman jirgin fita?"

Na ce ya riƙe shagon kawai. Ya ce khalas, shi ke nan, amma zai faɗa wa jikokinsa ya taɓa ganin Bafuntuwe ya gudu daga kasuwa.

Hajiya kuwa da na miƙa mata takardun, ta karanta su tsaf kamar tana duba jarrabawar ɗalibi.

"Zan je," in ji ta. "Ina son in ga dusar ƙanƙara kafin in koma. Amma kada ka ɗauka ka saye ni."

Muka bar Doha lokacin da ba wurin sa ƙafa a Souq Waqif, ganguna da tutoci ko'ina, mutane sun shafa fenti a fuska suna waƙa da harsunan da ban taɓa ji ba. Muka sauka Tibilisi, babban birnin Jojiya, cikin sanyi mai shiga ƙashi. Jagoranmu, wanda shi ne kuma direba, dattijo ne mai furfura, tsohon malamin makaranta. Da ya ji Hajiya ma malama ce, shi ke nan suka ƙulle. Turancinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Nawa na kasuwa ne, yana kai ni inda zan saya in sayar, daga nan ya tsaya.

Otal ɗin da aka sauke mu tsohon gida ne a jikin tudu, da baranda ta katako mai sassaƙa, kana tsaye kana kallon kogi da rufin gidaje har ƙarshen gari. An shimfiɗa darduma ta hannu, an ajiye 'ya'yan itace a faranti. Wallahi ban taɓa kwana a wuri irin wannan ba. Na zagaya ɗakin na taɓa labule na ce, "Ya ɗan yi duhu." Hajiya ta kalle ni, ta ci gaba da buɗe akwati.

Kwana uku muna yawo a birnin. Muka ga unguwar da ruwan zafi yake fitowa daga ƙasa, warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, mutane suna layin shiga wanka. Muka yi sallah a wani masallacin jan bulo da ke maƙale a kan gangare. Muka tsaya wurin mai gasa burodi, yana sunkuyawa cikin tanderu yana manna ƙullu a bango, Hajiya ta ce ai gurasa ce, an dai ja mata tsawo. Duk inda muka je ni fuskarta nake kallo, kamar yadda nake kallon mai saye in ya ɗauki kwalba. Tana jin daɗi, na gani. Amma maganar Kaduna ba ta motsa ba. Har waya take yi da babbar 'yarmu a kan gidan da za a nema mata.

Rana ta huɗu aka kai mu wani gidan 'yan zuhudu a kan dutse, inda ake hango koguna biyu suna haɗuwa, ɗaya kore ɗaya ruwan ƙasa. Jagora ya ce ginin ya girmi shekara dubu. A bakin ƙofa akwai kwando cike da ɗankwalaye, matan Turawa suna ara suna rufe kai kafin su shiga. Hajiya da mayafinta ta wuce kai tsaye, matar da ke tsaron ƙofa har ta ɗan rusuna mata. Ni kuwa da na ga wurin ibada ne, na yi abin da aka koya mini tun ina yaro. Na cire takalmi na ajiye a gefe, na taka dutsen nan da safa.

Ban san sanyi yana cizo ba sai ranar. Na dake, na shiga ina taku a hankali tsakanin kyandirori, kowa da takalminsa sai ni. Wani ɗan zuhudu mai dogon gemu da baƙar riga ya kalli ƙafata, ya kalli fuskata, ya fita. Sai ga shi ya dawo riƙe da takalmina a hannu, ya ajiye a gabana, ya dafa ƙirji.

Hajiya ta riƙe dariyarta har muka fito. A waje ta jingina da bango ta yi ta yi har da hawaye.

"Alhaji! Malamin Kirista ya ɗaukar maka takalmi!"

"To ai ladabi na yi."

"Ladabi ka yi, wallahi. Da ka ga yadda kake ɗaga ƙafa kamar zakara a kan kwanon rufi da rana."

Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin korona. Na ce a raina ciniki ya fara faɗawa. Amma da muka shiga mota ta goge ido ta ce wa jagora, in ta koma Najeriya wannan ne labarin farko da za ta ba jikokinta.

Daga nan muka hau tsaunuka. Hanya tana nannaɗewa, kunne yana toshewa, har muka isa wani ƙaramin coci shi kaɗai a kan tudu, bayansa dutse fari fat ya tokare sama. Hajiya ta tsuguna ta ɗebi dusar ƙanƙara, ta matse, ta sa kaɗan a baki. Ta daɗe tana kallon dutsen tana tasbihi. Ni ma ban taɓa jin ƙanƙantata kamar a wurin ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Sanyi ne kawai ya yi yawa."

Saura kwana biyu mu koma aka gangara da mu yankin gonakin inabi. Hajiya ta ƙagu ta ga itacen da ta sha karantawa a Alƙur'ani. Ashe mun zo bayan girbi. Layi-layi na busassun rassa ne a jikin waya, ko ganye babu. Ta ce, "Ita ce gonar?" Jagora ya ba da haƙuri kamar shi ya kaɗe ganyen.

Abincin rana a gidan wasu tsofaffi aka shirya mana, mata da miji, masu gonar. Mijin ya fara nuna mana ɗakin da suke binne manyan randuna a ƙasa, bakinsu kawai ake gani a daɓe, sai ka ce ramukan marina a Kano. A ciki suke ajiye giyarsu. Muka kalla daga bakin ƙofa. Sannan ya sa jagora ya gaya mana, saboda mu ya kwashe giya daga teburinsa yau, kowa dafaffen ruwan inabi zai sha wanda ba ya bugarwa. Ya ce shekararsa saba'in da biyar bai taɓa yin haka ba, kada mu faɗa wa maƙwabta.

Kafin a zauna, tsohuwar ta kawo mana wata alewa a faranti. Doguwa ce kamar kyandir, ja mai duhu. Ana jera wani ɗan itace mai mai kamar gyaɗa a jikin zare, a tsoma cikin ruwan inabin da aka dafa da gari har ya yi kauri, a rataye ya bushe. Jagora ya ce da hannunta ta yi, kuma a ƙauyen ba wadda ta kai ta. Ta yanka ta miƙa mini ta tsaya tana jira, hannunta a cikin aljihun riga.

Na sa a baki. Ba sukari a ciki, zaƙin inabi ne zalla. Ba ta narkewa, ba ta buƙatar firji. Kafin in haɗiye na riga na gan ta a kan kantata lokacin azumi, na gan ta a kayan buɗe-baki a Kano. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Fuskata ta ɗaure. Na ɗauki guda na juya, na matsa da yatsa, na shinshina, na taɓe baki na ce da Turanci:

"Ta bushe da yawa. Kuma ta bara ce ko?"

Jagora malami ne mai gaskiya. Ya fassara mata yadda na faɗa.

Tsohuwar ta kalle ni. Ta zare hannu daga aljihu ta ɗauke farantin daga gabana a hankali, ta juya za ta koma kicin. Na ga wuyanta ya yi ja. Mijin ya sunkuyar da kai yana gyara cokulan da ba su karkace ba. Sai a lokacin na tuna ba a shago nake ba, kuma matar nan ba talla ta kawo mini ba.

Hajiya ce ta tashi. Ta bi ta ta riƙe mata hannu, ta ce wa jagora, "Malam, fassara mata duk abin da zan faɗa, kada ka rage." Sannan ta ce:

"Mama, ki yi haƙuri. Mijina ɗan kasuwa ne. Abin da ya fi so shi yake kushewa, don kada a tsawwala masa. Da alewarki ba ta yi masa ba, da yanzu ya cika ki da yabo. Ranar da ya zo neman aurena, kawuna ya tambaye shi ya ya ga yarinyar, ya ce ba laifi, sai dai ta ɗan yi gajarta. Shekara ashirin da bakwai ina dafa masa tuwo, bai taɓa cewa ya yi daɗi ba. Kullum gishiri ya ɗan yi yawa, kuma kullum sai ya suɗe kwano."

Jagora yana fassarawa, tsohuwar tana kallona daga sama har ƙasa. Ta yi tambaya. Jagora ya ce, "Tana cewa, ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya," in ji Hajiya. Da murmushi ta faɗa, amma muryarta ta ɗan karye a ƙarshe.

Tsohuwar ta dawo da farantin ta dangwara a gabana da ƙarfi, ta faɗa wa mijinta wata magana doguwa. Ya yi dariya ya buga tebur.

A al'adarsu, in an zauna cin abinci akwai shugaban tebur, suna ce masa tamada. Shi yake tashi lokaci-lokaci ya ɗaga abin sha ya yi jawabi, kowa ya saurara. Tsohon ya yi na zaman lafiya, ya yi na iyayen da suka rasu. Aka ci nama da burodi mai cuku a ciki. Sannan ya ɗauko wani ƙahon sa mai bakin azurfa daga bango, ya cika shi da ruwan inabin, ya tashi ya yabi matarsa. Ya daɗe yana yi, ita kuma tana kore shi da hannu kamar ƙuda. Da ya gama ya shanye, ya sake cikawa ya miƙo mini.

Jagora ya ce, "Yanzu kai ne. Za ka yi magana a kan matarka. Kuma ƙaho ba shi da gindi, ba ya ajiyuwa sai an gama an shanye."

Na tashi da ƙaho a hannu. Na duba teburin, da gaske ba inda zan jingina shi. Na buɗe baki da Turanci, na ji ba zai kai ni ba. Na ce da Hausa zan yi. Jagora ya juya wurin Hajiya, don ita kaɗai za ta iya mayar masa da Turanci.

"Bismillah, Alhaji," in ji ta. "Ina jin ka. Me za a ce musu, na ɗan yi gajarta?"

Na ce, "Ki gaya musu ni mai turare ne. Da korona ta sake ni, ta tafi da hancina. Ba na jin ƙanshin komai, ko an ƙona ud a gabana hayaƙi kawai nake gani."

Ta fassara.

"Ki gaya musu mai turaren da ba ya jin ƙanshi ya gama yawo, in kasuwa ta sani. Ban faɗa wa kowa ba, ko abokin aikina. Sai in ce wa masu kaya su bar mini samfur in kwana da shi. In kawo gida, matar nan ta hura gawayi, ta ƙona ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan na gaske ne, wannan an jiƙa shi da mai, wannan kada ka taɓa. Da safe in je in faɗa kamar ni na ji. Wata shida muna haka. Ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba."

Ta fassara rabi, ta tsaya. Ta ce da Hausa, "Wata takwas ne."

"Wata takwas. Ki gaya musu shagon nan da ake cewa nawa, hancinta ne ya riƙe shi. Ranar da ƙanshi ya dawo mini na daina kawo samfur gida, ban ce mata na gode ba. Ki gaya musu ban taɓa sayen abin da ya kai ta ba, kuma tsoro ne ya hana ni faɗa, kada ta san darajarta ta ga na yi mata kaɗan."

Wannan ba ta fassara ba. Ta ja bakin mayafi ta rufe fuska. Jagora ya jira, ya ga ba abin da zai zo, sai ya faɗa wa tsofaffin wani abu gajere da harshensu. Ban san me ya ce ba. Tsohuwar ta gyaɗa kai ta tura mini sauran alewar. Na kafa kai na shanye ƙahon, zaƙi har cikin kunne.

Muka shiga mota muka kama hanya har muka wuce ƙauyuka biyu. Sannan Hajiya ta ce, tana kallon taga:

"Sai da aka ba ka ƙahon sa a ƙasar mutane."

Na ce, "Haka ne."

"Kaduna zan je. Na yi wa yaran alkawari."

Ta juyo ta kalle ni.

"Wata biyu zan yi. Ka sayi tikitin da dawowa. Amma ba falo zan dawo ba. Ka sa mini kujera a shagon, tunda ka faɗa a gaban shaidu cewa ina da hannu a ciki."

Ta yi wata biyunta da kwana tara ta dawo. Yanzu ranar Litinin da Laraba tana shago daga safe zuwa la'asar, ita da kaskonta na gawayi. Abokin aikina ɗan Kumasi yana kiranta shugaba, ni kuma ya ce na zama mataimaki. Matsala ɗaya ce. In mai kaya ya kwance jaka na ɗauki itace na fara ɗaure fuska, kafin in ce ya sha danshi sai in ji daga bayana, "Masha Allah, Alhaji, wannan na gaske ne, kada ka bari ya fita da shi." Masu kawo ud duk sun gane. Litinin da Laraba suke zuwa.